ƘARFE NAWA ZA A NUNA? LABARIN MASU TONON KUFAI NA INGILA DA 'YAN KALLONSU

Duk wanda ya taɓa riƙon makaranta ya sani, cikin takardun da a ke mannawa a bangon ofishin babban malami babu wadda ta kai jadawalin darussa jawo gardama. Malamin lissafi yana son safiya, malamin Ingilishi shi ma safiyar ya ke so, sai a ture tarihi da labarin ƙasa can gab da azahar, sa'ad da rana ta take, yunwa ta kama yara, rabin aji yana gyangyaɗi. In shekara ta ƙare aka ga yara ba su ci tarihi ba, sai a ce ai yaran yanzu ba su son tarihi. Mu da mu ke aikin horon malamai mun sha jin wannan magana, mun kuma sha yin gardama a kanta.

Sabo da haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu, musamman malaman makaranta da malaman ofis, labarin wani shiri na talbijin a ƙasar Ingila wanda a ke kira Time Team, watau ƙungiyar masu bin sawun zamani. Shirin ya yi shekara ashirin yana koya wa jama'a tarihin ƙasarsu, har ya zama kamar ɗan gida a miliyoyin gidaje, sa'an nan aka tsai da shi. Har yanzu mutanen can ba su daina muhawara a kan dalili ba. Waɗansu sun ce mutane ne suka gaji da shi. Waɗansu kuwa sun ce sa'arsa aka yi ta gusarwa har masu nemansa suka rasa inda ya ke. Za mu kawo hujjar ko wane ɓangare, sa'an nan mu faɗi namu ganin.

ASALIN SHIRIN

Akwai wani fanni na ilmi wanda za mu kira shi ilmin kufai. Masu wannan ilmi su kan je inda mutane suka taɓa zama suka tashi, su tone ƙasa sannu a hankali, su duba abin da ta rufe: tushen gini, tsingaro, toka, ƙasusuwa, tsabar kuɗi, har da irin hatsin da ya ƙone a murhu. Da waɗannan su ke gane yadda mutanen dā suka zauna, ko da ba su bar rubutu ba. Babbar ƙa'idarsu ita ce ƙasa tana taruwa hawa-hawa, abin da ke ƙasa ya riga na bisansa zuwa.

Turawan Ingila sun daɗe da sanin wannan ilmi a talbijin. Daga 1952 zuwa 1959 gidan BBC ya yi wani shiri mai suna Animal, Vegetable, Mineral?, inda a ke ɗauko wani tsohon abu daga gidan ajiye kayan tarihi a miƙa wa masana su faɗi ko mene ne. Shirin ya karɓu ƙwarai, har aka zaɓi Sir Mortimer Wheeler gwarzon talbijin na shekarar 1954, aka zaɓi abokin aikinsa Glyn Daniel a 1955, alhali kuwa dukansu biyu masanan kufai ne. Amma a wannan shiri mai kallo ba ya ganin tono. Abin da aka riga aka tono aka wanke shi ya ke gani, a hannun manyan malamai.

Wani mai shirya fina-finai, Tim Taylor, shi ya ga ya kamata a fito da mai kallo fili. A 1991 ya yi wani ɗan gajeren shiri mai suna Time Signs a wani kwari na ƙasar Devon wanda za a mai da shi tafkin ruwan sha. A nan ya yi aiki da Mick Aston, malami a Jami'ar Bristol, da Phil Harding, gwanin tono kuma gwanin sassaƙa ƙanƙara irin ta mutanen dā. Aston ne ya gaya masa cewa in an sami ma'aikata da kayan aiki, kwana uku sun isa a gane asirin wuri, ko da ba a tone shi duka ba. Daga wannan magana aka haifi Time Team. Aka ɗauko Tony Robinson, wanda jama'a suka sani da wasan ban dariya, aka ce shi zai tsaya a madadin mai kallo, ya riƙa tambayar masana abin da mutum ya ke jin kunyar tambaya.

An nuna kashi na farko ran Lahadi 16 ga Janairu 1994 a tashar Channel 4. Wurin da suka je shi ne Athelney, wani tudu a tsakiyar fadamun Somerset, inda Sarki Alfred ya ɓuya a shekarar 878 sa'ad da mayaƙan Denmak suka fi ƙarfinsa, kafin ya tara jama'a ya fito ya ci su da yaƙi. Zangon farko kashi huɗu ne kaɗai. Kafin shekara shida ta cika sai da ya kai kashi goma sha uku a ko wace shekara.

YADDA A KE AIKIN

Tsarin shirin ɗaya ne ko yaushe, kuma wannan yana cikin abin da ya sa mutane suka saba da shi. Wani manomi, ko wata ƙungiyar ƙauye, ko masanin kufai na gunduma, ya kan rubuto ya ce ga abin da garma ta turo a gonarsa, ko ga wani tudu da ba a san asalinsa ba. Sai ƙungiya ta sauka da safiyar rana ta farko, ta tashi da yammacin ta uku, ko an samu ko ba a samu ba. A taƙaita aikin kwana ukun nan ya zama kallon sa'a guda.

Kafin a sa cebur, John Gater da mutanensa su kan bi filin da na'urori iri biyu. Ɗaya tana tura wutar lantarki cikin ƙasa ta auna yadda ta ke wucewa. Inda tushen dutse ya ke binne wuta ta kan sha wuya, inda kuwa tsohon rami ne da ya cike da ƙasa mai laima, sai ta wuce a sauƙaƙe. Ɗayar tana auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa, ta nuna inda aka taɓa hura wuta mai zafi, kamar matoya ko maƙera. In an sa sakamakon cikin kwamfuta, sai taswirar abin da ke ƙasa ta fito baƙi-baƙi. A Athelney ma doka ta kāre wurin, ba a yarda su tona ba a wancan karo, amma na'ura ta zana musu siffar tsohon gidan ibadar da ke binne a kan tudun. Sai a 2003, a kashi na ɗari, suka komo da izini suka tona.

Stewart Ainsworth kuwa ba ya tono. Yawo ya ke yi da tsohuwar taswira a hannu, yana duban inda ƙasa ta tasa da inda ta lotsa, da yadda shinge ya karkace, ya komo ya ce musu sun haƙa rami a inda ba nan ba ne. Carenza Lewis tana cikin masu kula da ramuka tun daga farko. Victor Ambrus, mai zane, ya kan zauna gefe da fensir, kafin magariba ya zana gidan da masu gidan kamar yana nan aka gina shi. Aston kuma, da farin gashinsa a tashe da rigar sanyinsa mai ratsi kala-kala, shi ke yanke inda za a tona.

ABIN DA 'YAN KALLO SUKA SO

In mutum ya bi ra'ayoyin da masu kallo suka yi ta bayyanawa a wasiƙu da jaridu da intanet, zai tarar abubuwa uku ne su ke ta maimaituwa.

Na farko, sun so ganin masana suna gardama. Mutum ya saba ganin malami ya zo da amsa a shirye. A nan kuwa sai ya ga Aston ya ce gidan Rumawa ne, Ainsworth ya ce a'a, Robinson ya tsaya bakin rami ya ce shi dai laka ya ke gani. Kashegari tsingaro guda ya fito ya rushe maganar kowa, su yi dariya su sake shawara. Yaro da ke kallo ya koyi cewa babban malami ya kan yi kuskure, ya kuma amsa kuskurensa a gaban jama'a ba tare da girmansa ya zube ba.

Na biyu, sun so gaskiyar shirin. Akwai makon da a kan yi kwana uku cikin ruwan sama da sanyi, a tashi ba a sami kome ba, a kuma nuna haka nan. Kashin da mutane suka fi tunawa a wannan fanni shi ne wanda aka nuna a 2001, na wani idon ruwa a Llygadwy ta ƙasar Wales. An sami tsofaffin kaya a wurin masu yawan gaske, har yawansu ya sa masana shakka. Can suka tono wani takobi na zamanin ƙarfe, wanda ya haura shekara dubu biyu, na ainihi ba jabu ba. Da suka ɗaga shi sai ga waya mai ƙaya, irin ta shingen gona, kwance a ƙarƙashinsa. Mai karatu ya tuna ƙa'idar da muka faɗa a sama. Tun da waya ce a ƙasa, lalle ita ta riga takobi zuwa, watau ke nan wani ne ya kawo shi ya binne ba da daɗewa ba. Ba mu san wani darasi da ya fi wannan nuna cewa darajar tsohon abu tana tare da wurin da aka same shi ba. Shi ya sa masana ke baƙin ciki da masu haƙe mutum-mutumin yumɓu na Nok a ƙasarmu suna sayarwa a ɓoye, gama in an raba abu da ƙasar da ya kwanta a ciki, an raba shi da rabin labarinsa.

Na uku, sun so lokacin. A kan nuna shirin ran Lahadi da yamma, daga watan Janairu zuwa wajen Maris ko Afrilu. A tsakiyar hunturun Ingila duhu ya kan shiga tun kafin ƙarfe biyar, sanyi ya kore kowa cikin ɗaki, a ɗora shayi, kaka da jika su zauna gaban akwati guda. Mutane da yawa waɗanda yanzu su ke aikin kufai sun faɗa da bakinsu cewa a wannan zama na Lahadi sha'awar ta shige su. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa rigimar za ta taso.

MASU SUKA

Ba kowa ya yaba ba. Tun daga farko waɗansu masanan kufai sun ce kwana uku wasa ne, aikin da a kan yi wata da watanni a kansa ba ya yiwuwa da gaggawa, kuma jama'a za su ɗauka haka a ke yi. Suka ce tono ɓarna ce wadda ba ta gyaruwa, gama ramin da aka tone ba ya komawa yadda ya ke, don haka in ba a rubuta rahoto cikakke ba, an yi hasara ke nan har abada. Wannan suka tana da ƙarfi, masu shirin kuma sun ji ta. Daga baya suka ɗora wa wani kamfanin masana mai suna Wessex Archaeology nauyin rubuta rahoton wuraren da aka tona, rahotannin kuwa suna nan kowa na iya karantawa.

Sukar ta fi zafi a 2003, sa'ad da shirin ya gayyaci jama'a ko'ina cikin ƙasar kowa ya haƙa ɗan rami mai faɗin mita ɗaya a bayan gidansa, ya rubuta abin da ya gani. Masana da dama suka ce an buɗe wa marasa horo ƙofar ɓarna. Masu shirin suka amsa cewa tarihin ƙasa na masu ƙasa ne, wanda kuma ya taɓa tona da ƙa'ida sau ɗaya shi zai fi kowa tsare kufai. A ganinmu kowa yana da tasa gaskiyar. Abin lura dai shi ne wannan gardama ba ta rage wa shirin 'yan kallo ba. A 1997 sun yi tono a Turkdean ana nunawa kai tsaye, a 2006 kuma aka ba su izini suka tona a harabar fadojin Sarauniya uku, Buckingham da Windsor da Holyroodhouse, don bikin cikarta shekara 80. Shirin da a ke buɗe wa ƙofar fada, ba a ce masa abin wasa.

MAGANAR LOKACI

To, a shekarun baya-baya sai wata irin tambaya ta fara yawa a bakin 'yan kallo, wadda ba ta shafi Rumawa ko tsingaro ba. Yaushe sabon zango zai fara? Ƙarfe nawa za a nuna na wannan mako? Wanda aka nuna jiya sabo ne ko maimaici? Ina sauran kashin da muka ji an ɗauka bara?

Dalilin tambayoyin a fili ya ke. Mutane sun saba Janairu ta kama, shiri ya fara. A 2010 Janairu ta zo ta wuce shiru, sai cikin Afrilu aka fara, da tonon da aka yi a harabar babbar majami'ar Westminster. Aka nuna kaɗan, aka tsaya, aka ajiye saura sai bayan watanni. Ga shi kuwa Afrilu da Mayu lokacin dogon yini ne a Ingila, mutane suna waje suna aikin lambu, ba mai zama ɗaki da yammacin Lahadi. Sa'ar farawa ita ma ta daina tsayawa wuri guda. Wannan Lahadi a fara da wuri, mai zuwa a jinkirta, gwargwadon abin da tasha ta ke so ta sa gaba da shi ko bayansa. Mutum ya gama hidimarsa ya zauna a lokacin da ya saba, ya tarar an yi nisa, ko ya tarar da wani fim dabam. A lokaci guda kuma waɗansu tashoshi suna ta maimaita tsofaffin kashi, har mai kallo ya kāsa rarrabe sabo da tsoho.

Kowa ya san abin da ke sa kasuwar ƙauye ta ci. Ba sai an yi shela ba, mai kaya da mai saye duk sun san ranarta, su kama hanya tun da asuba. In sarkin kasuwa ya ce wannan mako Talata, mako mai zuwa Alhamis, mutum ya yi sammako sau biyu ya tarar da rumfuna wayam, ba zai yi na uku ba. Sa'an nan in aka zo ƙidaya aka ga ba mutane, ba daidai ba ne a ce kayan kasuwar ne ba su da kyau. Wannan ita ce ƙarar da 'yan kallo suka kai, ko da ya ke da nasu kalmomin suka faɗe ta.

HUJJAR MASU TASHA

Adalci ya sa mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Channel 4, wadda aka buɗe a 1982, mallakar jama'a ce, amma ba ta cin kuɗin haraji, da kuɗin talla ta ke rayuwa. Mai talla kuwa kawuna ya ke saye, ya fi kuma son kawunan samari da 'yammata, domin su ne ba su riga sun kafe a kan irin sabulu ko motar da su ke saye ba. Yadda a ke ƙidayar a wancan lokaci shi ne, akwai gidaje wajen dubu biyar da aka zaɓa aka sa musu na'ura mai rubuta abin da su ke kallo, daga nan a ƙiyasta na ƙasa duka. Jaridun Ingila sun buga cewa masu kallon Time Team sun sauko daga wajen miliyan biyu da rabi a 2008 zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi a ƙarshen 2011.

Har ila yau duniyar talbijin ta sāke. A 1994 yawancin gidajen Ingila tasha huɗu kaɗai su ke kamawa. Kafin ƙarshen 2012 an gama juya ƙasar zuwa sabuwar hanyar watsawa ta dijital, ko wane gida yana da tashoshi barkatai, ga kuma intanet. Kusan ko wane tsohon shiri ya yi hasarar mutane a wannan tsakani. Shirin kuma yana da tsada, gama sai an biya masana da masu tono da katafila da jirgi mai saukar ungulu da masauki, sa'an nan a biya aikin rahoto bayan an tashi. Mai riƙe da asusu yana da ikon tambaya ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Duk mun yarda da wannan. Inda muka rabu da su shi ne, ƙidaya tana nuna mutum nawa suka zauna, ba ta nuna mutum nawa suka nema suka rasa. Wanda ya gusar da sa'a, sa'an nan ya kafa hujja da raguwar mutane, ya zama shi ne mai laifi shi ne alƙali.

GYARAN DA YA ZAMA ƁARNA

Da aka ga lissafi yana sauka, sai aka nemi magani a cikin shirin kansa. A 2011 aka mai da ofishin shiryawa daga Landan zuwa Kadif. A zango na goma sha tara, wanda aka nuna a 2012, aka ƙaro sababbin fuskoki, Mary-Ann Ochota da Alex Langlands, aka rage fitowar Ainsworth da Ambrus da Helen Geake, masaniyar zamanin Saksawa. Cikin Fabrairu 2012 labari ya fito cewa Mick Aston ya bar shirin, yana cewa an rage ilmin an ƙara wasa, an kuma ture abokan aikinsa ba da shawararsa ba.

'Yan kallo suka fusata ƙwarai. A nan kuwa dole mu ce waɗansunsu sun wuce gona da iri. Suka ɗora wa Ochota laifin abin da ba ita ta yanke ba, waɗansu jaridu suka yi ta maganar surarta suna mance cewa ta karanta ilmin kufai da na al'adun ɗan Adam a Jami'ar Kambirij. Zango guda ta yi ta tafi. Mai ra'ayi yana da ikon faɗin ra'ayinsa, amma cin mutuncin ma'aikaci sabo da shawarar shugabanninsa ba ra'ayi ba ne.

Sababbin 'yan kallon da aka yi gyaran dominsu ba su zo ba, tsofaffin kuma ransu ya ɓaci. Garin neman gira aka rasa ido. Cikin Oktoba 2012 Channel 4 ta ba da sanarwar tsai da shirin. Aka nuna zango na ashirin a farkon 2013, 'yan kashi na musamman suka biyo baya har 2014, bayan an tona wurare fiye da 200. Aston ya rasu ran 24 ga Yuni 2013, a watan da aka ba Tony Robinson lambar girma ta Sir.

'YAN KALLO SUN SA HANNU A ALJIHU

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce kowa ya riƙe ra'ayinsa. Amma an sami abin da ya gwada maganar. Aka riƙa sa tsofaffin kashi a YouTube, sai ga mutane suna kallo daga Amurka da Ostareliya da ƙasashen da ba a taɓa nuna shirin ba. A ƙarshen 2020 Tim Taylor ya roƙi masoyan shirin su ɗauki nauyinsa da kansu ta hanyar Patreon, inda mutum ke biyan ɗan abin da ya iya ko wane wata. Dubban mutane suka amsa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A 2021 aka koma fili, aka tona wani mazauni na zamanin ƙarfe a Boden ta ƙasar Cornwall, da wani babban gidan Rumawa kusa da Broughton a Oxfordshire. Aka nuna su a 2022, Gus Casely-Hayford, wanda kakansa sanannen lauya ne kuma ɗan kishin ƙasa a Gana, da Natalie Haynes su ne masu gabatarwa. A 2024 ƙungiyar ta yi tono a Sutton Hoo, inda a 1939 aka tono kabarin wani basarake da aka binne cikin jirgin ruwa, Tony Robinson kuma ya komo aka yi da shi.

Kada mu zarce da yabo. Dubban masu biya ba su kai miliyoyin masu kallon dā ba, yaron da iyayensa ba su san shirin ba kuma ba zai ci karo da shi da yammacin Lahadi kamar yadda yaran 1994 suka yi ba. Wannan hasara ce ta gaske. Amma ga abin da ya fi ba mu mamaki. A YouTube mutum yana iya kallo duk sa'ad da ya ga dama, ba mai tsare shi da jadawali. Duk da haka, da aka zo nuna sababbin tonon a 2022, sai aka raba ko wanne kashi uku, Jumma'a da Asabar da Lahadi, daidai da kwana ukun aikin, aka sanar da rana da sa'a tun da wuri, mutane kuma suka taru a sa'ar nan suna kallo tare suna rubuta wa juna ra'ayi. Ashe tsayayyen lokacin nan yana cikin abin da su ke so tun asali.

ABIN DA YA SHAFE MU

A wata makaranta da muka taɓa aiki akwai ƙungiyar tarihi da ke zama ko wace Laraba bayan la'asar, ɗaki ya kan cika har waɗansu su tsaya a taga. Sai aka bukaci ɗakin don wani taro, aka mai da su Litinin. Bayan mako biyu aka ce Litinin ta ƙwallo ce, aka mai da su Asabar da safe, lokacin wanki. Kafin hutu ya zo 'yan ƙalilan suka rage. A taron malamai aka kawo shawara a soke ƙungiyar tun da yara ba su da sha'awa, mu ma muna zaune muka ɗaga hannu. Sai daga baya muka gane cewa mu muka kashe ta, muka kuma ɗora wa yara laifi.

Don haka ga roƙonmu ga malamai. In za ku shirya jadawali, ku tuna sa'ar da kuka ba darasi ita ke gaya wa yaro matsayin darasin a wurinku. In kun tsai da lokaci, ku riƙe shi, gama alkawari kaya ne. In kun ga aji ya ragu, ku fara duban agogo kafin ku taɓa darasin, kada ku tsinke miya da ruwa don neman wanda bai zo ba, har wanda ya zo ya tashi. Malaman ofis kuma, ku da ke rubuta sanarwar ranar taro da ranar allura da ranar biyan albashi, maganar ta haɗa da ku. Mutumin da ya yi tafiyar mil goma ya tarar an ɗaga rana, ba ya rubuto ƙara. Zamansa ya ke yi a gida, ku kuwa ku rubuta a littafi cewa jama'a ba su fito ba.

Malamin da ke da hanyar intanet muna ba shi shawara ya nemi kashin nan na takobi da waya ya nuna wa manyan ɗalibansa, ya tsai da shi daidai inda aka ɗaga takobin, ya tambaye su wanne ya riga zuwa. In ya yi musu alkawarin Laraba bayan la'asar, to, ya zama Laraba bayan la'asar. Allah ya sa mu dace.